GILASHIN DA KE ZAMA ƘASHI

Sa'ad da Edita ya aiko mini cewa in rubuto wani abu domin shafuffukan Hausa na bana, na daɗe ina juya abin a raina. Daga baya na ga ba abin da ya fi cancanta in yi magana a kansa irin wanda ya taɓa gidanmu. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana malamai da ɗalibanmu ku ba ni aron hankalinku kaɗan. Zan ba ku labarin ƙafar ƙanena, sa'an nan in bayyana muku wani irin gilashi da tangaran da likitoci ke cusawa cikin ƙashi, ya kashe cuta, daga baya kuma shi kansa ya rikiɗa ya zama ƙashi.

Ƙanen nan nawa yana da shekara 13 sa'ad da babur ya kā da shi a kan hanyar dawowa daga makaranta. Ƙwaurinsa na dama ya karye, har tsinin ƙashin ya huda fata ya leƙo waje. Asibiti da nisa, kuɗi kuwa ba su a hannu, sai manya suka ce a kai shi wurin maɗori. Maɗori ya ja ƙafa, ya daidaita, ya shafa magani, ya ɗaure da karare. Ƙashi ya kama, yaro ya tashi, kowa ya yi murna. Bayan wata huɗu sai wani ɗan rami ya ɓullo a ƙwaurin yana tsiyayar da mugunya. In an sayo kafso ya sha sai ramin ya rufe, bayan 'yan makonni kuma ya sake fashewa da zazzaɓi. Haka muka yi ta fama har kusan shekara, kafin na kai shi asibitin ƙashi.

Da likita ya ɗaga hoton ƙafar ya duba, sai ya nuna mini wani ɗan farin abu a tsakiyar ƙashin, ya ce, "Malam, ka ga wannan? Mataccen ƙashi ne. Ko buhun magani yaron nan ya sha, ba zai kai wurin ba. Sai an buɗe an fitar." Aka yi masa aiki har sau biyu. Yaro ya yi hasarar shekara biyu ta makaranta, mahaifinmu kuma ya sayar da shanun nomansa. Yau yana tafiya da ƙafarsa, amma in ka lura za ka ga yana ɗan ɗingishi. Ran da za a sallame mu likitan ya ce mini a waɗansu ƙasashe akwai wani abin cikewa wanda da shi a kan gama irin wannan aiki sau ɗaya. Maganar nan ita ta sa ni bincike, ga kuwa abin da na samo.

MENE NE ƘASHI?

Mutane da yawa suna tsammani ƙashi kamar icce ne busasshe. Ba haka ba ne. Ƙashi abu ne mai rai, da jijiyoyin jini a cikinsa, da ɓargo. Baligi yana da ƙasusuwa 206, ko wannensu kuwa abu biyu ne aka haɗa. Na ɗaya, wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa, wani irin dutse ne na kalsiyam da fosfaras, wanda masana ke kira haidiroksi-afatait. Mu kira shi dutsen ƙashi don sauƙi. Na biyu zare ne mai danƙo, kolajin, irin abin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya kwana.

Ga gwajin da ko wane malami zai iya yi a ajinsa ba tare da kashe kuɗi ba. Sami ƙashin cinyar kaza guda biyu. Jiƙa ɗaya cikin ruwan tsamin nan na kwalba da a ke kira binega har kwana bakwai. Tsamin zai cinye dutsen ya bar zaren, sai ka ga ƙashi yana lanƙwasuwa kamar roba. Ɗayan kuma ka ƙone shi cikin garwashi. Wuta za ta cinye zaren ta bar dutsen, da ka matsa shi sai ya marmashe. Da wannan yara za su gane cewa dutse ke ba ƙashi tauri, zare kuma ke hana shi fashewa.

Cikin ƙashi akwai ma'aikata iri biyu, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita a ke ganinsu. Waɗansu aikinsu rushe tsohon ƙashi, waɗansu kuma gina sabo. Su ne ke ɗinke karaya, ba maɗori ba, ba kuwa likita ba. Abin da maɗori da likita ke yi shi ne su daidaita bakin karayar su riƙe shi kada ya motsa. Shi ya sa karayar da ba ta huda fata ba sau da yawa ta kan warke ko a ina aka ɗora ta. Amma maginan nan suna da iyaka. In giɓin ya yi faɗi ba su iya tsallakewa, in kuwa cuta ta shiga ba su iya aiki.

YADDA CUTA KE ƁUYA A CIKI

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki. In ƙashi ya huda ta, ƙwayoyin cuta na ƙasa da na tufafi da na hannun mai taɓawa duk sun sami ƙofa. Wadda ta fi yawan kama ƙashi sunanta istafilokokus, ita ce kuma ke kawo maruru. Wani lokaci ma ba sai da rauni ba, jini ne ke ɗauko cutar daga wani wuri ya ajiye ta a ƙashin yaro. Masu amosanin jini, watau sikila, sun fi kowa shiga wannan hatsari, a wurinsu kuwa wata ƙwaya mai suna salmonela ita ma ta kan yi ɓarna. Maganar ta shafe mu ƙwarai, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa a kan haifi jarirai wajen 150,000 masu sikila a Nijeriya ko wace shekara.

In cuta ta zauna a ƙashi sai mugunya ta taru, ta matse jijiyoyin jini, wani yanki na ƙashin ya rasa jini ya mutu. To, duk maganin da mutum ya haɗiya ko aka yi masa allurarsa, jini ne ke kai shi inda a ke bukata. Inda jini bai zuwa, magani bai zuwa. Har wa yau ƙwayoyin nan su kan manne a kan mataccen ƙashin su lulluɓe kansu da wani yauƙi, kamar gansakukar da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. A ƙarƙashin yauƙin nan su kan yi shekaru suna kwance. Wannan shi ne gyambon ƙashi, shi ne ya sa kafso bai warkar da ƙanena ba.

RAMIN DA LIKITA YA BARI

Maganin farko shi ne wuƙar likita. Dole a buɗe, a kankare duk mataccen ƙashi har a tarad da mai jini. Amma in an gama sai a bar rami, ramin kuwa in an ƙyale shi jini ya kan cika shi ya kwanta, cuta ta sake samun abinci. Tilas ne a cike shi da wani abu.

Tun a 1892 wani likitan Jamus mai suna Dreesmann ya gwada cike ramin ƙashi da farin garin nan da a ke kwaɓawa a yi filastar karaya. Daga 1970 likitocin Jamus suka fara gauraya maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin wani irin simintin roba, daga baya suka riƙa yin 'yan duwatsu da shi a jikin waya kamar tsakiya, a jera su cikin ramin. Irin wannan aka sa wa ƙanena. Yana aiki, amma jiki ba ya narkar da roba. In maganin ya ƙare sai an sake buɗewa an fitar, sa'an nan a yanko ƙashi daga ƙugun mai ciwon a cike gurbin. Ka ga aiki ya zama biyu, ciwo biyu, kuɗi biyu. Abin da a ke nema ke nan: abin cikewa wanda zai kashe cuta, ba sai an fitar da shi ba, ya kuma zama tsani ga maginan ƙashi.

LABARIN MALAM HENCH

Kafin in ci gaba, bari in faɗi abin da na ke nufi da tangaran. Masana sun tara abubuwa da yawa a gida ɗaya: duk abin da aka yi da ma'adinan ƙasa, ba ƙarfe ba, ba icce ba, ba roba ba, aka kuma gasa shi da wuta. Tukunyar ƙasa, da kofin shayi, da bulo ƙonanne, da tukwanen Ladi Kwali wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, har da gilashi, duk dangi ne. Da ka tuna cewa kashi biyu cikin uku na ƙashi dutse ne, za ka ga ba abin mamaki ba ne a nemi magajinsa a cikin wannan dangi.

A 1967 wani malamin Jami'ar Fulorida ta Amurka, Larry Hench, yana cikin mota zai tafi wani taro, sai ya zauna kusa da wani kanar na soja wanda ya dawo daga yaƙin Biyetnam. Hench yana ba shi labarin gilashin da ya ke bincike a kai. Kanar ya gaya masa cewa ya ga samari da yawa an yanke musu hannu ko ƙafa, don jiki ba ya karɓar ƙarfe da robar da a ke sa musu. Ya tambaye shi ko zai iya yin abin da jikin mutum zai yarda da shi.

Hench ya koma ya yi tunani. Ya ce tun da ƙashi kalsiyam ne da fosfaras, bari a sa su cikin gilashi a gani. A 1969 ya narka wani haɗi: kashi 45 cikin 100 silika, watau ainihin abin da ke cikin farin yashi, kashi 24.5 na sinadarin sodiyam, kashi 24.5 na kalsiyam, kashi 6 na fosfaras. Aka dasa 'yan gutsattsarinsa a ƙashin cinyar ɓeraye. Bayan mako shida likitan da ya dasa su ya zo cirewa, ya ja, ya tura, suka ƙi fita. Gilashi ya haɗe da ƙashi. Ba a taɓa ganin abin da mutum ya ƙera ya yi haka ba. Aka sa masa suna Bioglass. A 1985 aka ba da izinin amfani da shi a Amurka don maye gurbin ƙananan ƙasusuwan cikin kunne. Hench ya rasu a 2015.

Me ya raba shi da gilashin taga? Na taga silikarsa ta kai kashi 70 cikin 100, saboda haka a ɗaure ya ke tam, ruwa ba ya cinsa. Na Hench kuwa silikarsa kaɗan ce, ɗaurinsa sako-sako ne. Da ya taɓa ruwan jiki sai ya fara sakin sodiyam da kalsiyam. Fuskarsa ta zama wata 'yar laka mai taushi, kalsiyam da fosfaras su zauna a kanta su daskare su zama dutsen ƙashi sosai. Maginan ƙashi in sun zo sai su ɗauka gida ne, su hau su yi ta gini. A hankali gilashin yana narkewa, ƙashi yana cin wurinsa.

YADDA YA KE KASHE ƘWAYOYIN CUTA

A birnin Turku na ƙasar Finlan masana suka sake ma'aunin haɗin, suka yi wani mai silika kashi 53, wanda a ke kira S53P4. A kan niƙa shi tsaki-tsaki kamar tsakin masara. A 2011 aka yarda a Turai a riƙa cike ramin gyambon ƙashi da shi. Abin sha'awa, ba a sa masa ko ɗigon maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da hanya biyu ya ke yaƙinsa, dukansu kuwa uwayenmu mata sun san su a madafa.

Ta farko irin ta ruwan toka ce da kanwa. Ɗalibanmu na kimiyya sun san ma'aunin nan mai hawa daga 0 zuwa 14, wanda ƙasansa tsami ne, samansa kuwa kaifin toka. Jinin mutum yana kan 7.4, a nan kuma ƙwayoyin cuta ke jin daɗi. Sodiyam ɗin da gilashi ke saki ya kan ɗaga ma'aunin ruwan da ke kewaye da shi, har a gwajin kwalba an ga ya wuce 10 a tsakanin garin gilashin. Ƙwayoyin ba su iya zama a nan. Ta biyu irin ta gishiri ce. In an barbaɗa wa kifi gishiri ba ya ruɓa, don gishirin yana tsotse ruwan jikin ƙwayoyin da za su ruɓar da shi. Haka gishirin da ke fita daga gilashi ke yi musu. Kaifin nan a cikin ramin kaɗai ya ke tsayawa, jini yana daidaita sauran.

Amfanin wannan babba ne. Tun da Fleming ya gano fenisilin a 1928 mutane ke ta shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba, har ƙwayoyi da yawa sun saba da su, sun daina jinsu. Wani babban lissafi da aka buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda wannan, Afirka ta Yamma kuwa ita ce abin ya fi yi wa tsanani in an gwada da yawan jama'a. To, a gwaje-gwajen da aka yi gilashin nan ya kashe har ƙwayoyin da suka gagari magani, ba a kuwa ga sun saba da shi ba. A 2017 aka ba da rahoton mutum 116 masu gyambon ƙashi a ƙasashe shida da aka cike musu rami da shi, kashi 90 cikin 100 suka warke.

TANGARAN MAI ƊAUKE DA MAGANI

Akwai wata hanya kuma. A Suwidin an haɗa garin filastar nan na Dreesmann, kashi 60, da dutsen ƙashi, kashi 40, aka gauraya da maganin jentamaisin. A kan kwaɓa shi kamar man goge baki, a matsa shi cikin rami, ya daskare nan take. Filastar tana narkewa cikin makonni tana sakin magani a daidai inda cuta ta ke, da ƙarfin da in ta jini aka ba da shi zai lalata ƙoda da kunne. Dutsen ƙashin kuma ya saura ya zama tsani. Sunansa Cerament G. Likitocin Oksfod a Ingila sun ba da labari a 2016 cewa cikin mutum 100 da suka yi wa aiki sau ɗaya da shi, 96 sun rabu da cutar. Da aka sake bin sawunsu bayan wajen shekara shida, 94 cikin 100 suna nan lafiya.

Waɗansu kuma azurfa su ke sawa, don an daɗe da sanin ƙwayoyin cuta ba su shiri da ita. A Japan ana shafa wa ƙarfen ƙugu na roba-da-ƙarfe da a ke dasa wa mutane dutsen ƙashi mai 'yar azurfa a ciki. Amma sai da awo, don in ta yi yawa ta kan kashe maginan ƙashi tare da cutar. Ana kuma gwada tagulla da tutiya a ɗakunan bincike.

IYAKARSA

Kada mai karatu ya ɗauka an sami maganin kome. Tangaran dai tangaran ne, yana da tauri amma yana fashewa, ba ya ɗaukar nauyin mutum. In giɓin babba ne sai an tallafa da ƙarfe. Na biyu, in likita bai kankare mataccen ƙashi sarai ba, ko me aka cusa cutar za ta dawo. Na uku, sai an rufe wurin da tsoka da fata mai lafiya, mai ciwon kuma ya ci gaba da shan magani na makonni. Waɗanda na ambata a Oksfod da sauran ƙasashen duk haka aka yi musu. Na huɗu, daga waje a ke sayo kayan nan, da tsada ƙwarai, ba ko wane asibiti ke da su ba. Abin da ke ba ni ƙarfin zuciya shi ne, ana iya samun dutsen ƙashi daga ƙashin shanu da na kifi in an ƙone su da wuta mai tsanani, ko a haɗa shi daga ɓawon ƙwai, masu bincike a waɗansu jami'o'inmu kuwa suna kan gwada wannan. Amma tsakanin ɗakin bincike da ƙafar mutum akwai tafiya mai nisa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Yawancinmu a ƙauyuka za mu koyar, inda malami shi ne na farko da a ke kira in yaro ya faɗo daga mangwaro ko ya karye a filin ƙwallo. In ka ga karaya da rauni a kanta, ko da ƙarami ne, kada ka tura ƙashin ciki. Kada ka bari a zuba toka, ko ƙasa, ko baƙin mai. Na kwatanta gilashin nan da ruwan toka don a gane ne kawai, tokar murhu datti ce a cikin rauni. Rufe da tsumma mai tsabta, danna in jini na zuba, ɗaure ƙafar da katako yadda ka same ta, kada a ba shi abinci don watakila a yi masa aiki, a tafi asibiti a ranar nan. A can za a wanke raunin, a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta tetanus. In ya fi ƙarfinsu su aika da shi gaba, ga asibitocin koyarwa, ga kuma tsofaffin asibitocin ƙashi na Igbobi a Ikko, da Inugu, da Dala a Kano.

Haka kuma in yaro ya zo da zazzaɓi, yana nuna wuri ɗaya a ƙashi kusa da gwiwa yana kuka, ya ƙi taka ƙafa alhali bai faɗi ba, balle in mai sikila ne, kada ka ce targaɗe ne. Je ka gidansu da kanka, ka ce, "Baba, don Allah a kai yaron nan asibiti yau." In an kama cutar a kwanakin farko, kafin ƙashi ya mutu, sau da yawa magani kaɗai ya isa.

Ban rubuta wannan don in ci mutuncin maɗora ba, sun yi wa jama'a aiki tun kafin a gina asibiti. Amma karayar da ta huda fata ba tasu ba ce, wanda ya san sana'arsa a cikinsu ma shi zai fara gaya maka haka. Da a ran da babur ya kā da ƙanena akwai wanda ya san abin da na rubuta a nan, da shanun mahaifinmu suna nan a turke. Allah ya kiyashe mu da yaran da za a ba mu amana, amin.